Lamba ta Arba'in da Biyu

"Lambar waye wannan, Salim?"

Na kai masa wayar dab da fuska, har sai da ya ja baya ya jingina da bangon soron gidanmu.

"Malamata, ki zauna mana tukuna..."

"Kada ka ƙara ce mini Malamarka! Tambayarka na yi. Lambar waye?"

Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya koma kallon takalminsa. Mutumin da ke sayar da turare a kasuwar Kurmi, wanda bakinsa ba ya mutuwa ko a gaban tsohuwa mai taurin ciniki, yau kalma biyu kawai ya iya fitarwa.

"Tawa ce," ya ce a hankali.

"Taka ce!"

"Mabruka, wallahi ba abin da kike zato..."

"Me nake zato? Faɗa mini me nake zato! Mata arba'in, da ni arba'in da ɗaya. Wata huɗu kana zaune a tsakiyarmu kana saurare, kai ne na arba'in da biyu!"

Da safiyar ranar ina da ɗalibai arba'in. Kafin a kira la'asar, ashirin da bakwai sun fice.

Ni malamar firamare ce a Ƙofar Na'isa. Wannan aikin safe ke nan. Da yamma kuma ina da wani ajin da ba shi da benci ba shi da ƙararrawa, guruf ne a WhatsApp. Ɗalibaina yawanci matan aure ne na cikin Birni, waɗanda aure ko haihuwa ya katse wa karatu, suna son zana jarrabawar sakandare ta 'yan waje amma ba su da halin fita kullum. Sai in jingina wayata da gwangwanin madara, in ɗauki bidiyon hannuna kawai ina lissafi a ɗan allo, in tura. Su yi aikin a littafi, su ɗauki hoto, su turo in duba. Turanci kuwa, kowacce ta karanta da bakinta ta turo saƙon murya, in gyara mata kalma-kalma.

Mazajensu ba su yarda da sauƙi ba. Abbana ne ya tsaya mini. A ƙofar masallacin unguwarmu ta Jakara ya ce da su, "Babu namiji a ciki. Ni na tsaya." Shi ke nan. Tun da kakansa ya zo Kano da fatauci daga arewacin Sahara, ba a taɓa kama gidanmu da magana biyu ba, kuma Abba ya fi tattalin wannan suna a kan shagonsa.

To da yake babu namiji, sai matan suka saki jiki. Ajin ya koma tsakar gida. Wata ta turo hoton aikinta, ga ta nan a madubin bayanta ko ɗankwali babu. Wata tana karanta Turanci tana shayarwa. Wata ta tsaya a tsakiyar lissafi ta yi mitar miji, mu yi ta dariya. Akwai wadda a nan ta fara faɗar ta samu ciki, tun kafin uwar mijinta ta ji.

Duk wannan a kunnen Salim!

Shi ya buɗe mini guruf ɗin tun farko, don a lokacin wayata ta cika maƙil. Da wani tsohon layinsa ya buɗe, ya sa masa suna "Ma'ajiya".

"Ki bar shi a ciki," ya ce da ni a ranar. "Ko wayarki ta faɗa ruwa, darussa ba za su ɓata ba. Layin a aljihun tebur zai zauna, ba wanda zai taɓa."

Ni kuma da yake an sa mana rana, kuma ina jin duk abin da ya fito daga bakinsa gaskiya ne, ko tambaya ban ƙara ba.

Nafisa ce ta tono. 'Yar gwaggonsa ce, kuma duk dangi sun san tun tana sakandare take ɗinka wa kanta kayan amarcin gidansa a zuci. Da ta ce tana son shiga ajina don ta gyara lissafinta, har daɗi na ji, na ce ashe ta huce. Wata rana ta duba waɗanda suka saurari saƙonta, ta ga har da Ma'ajiya. Ma'ajiya tana da kunne? Sai ta kira lambar, aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Salim ne."

Ta naɗi muryar ta adana. Ba ta zo ta same ni ba, ba ta same shi ba. Sati biyu tana riƙe da abin, sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da kowane maigida ke zaune a gida yana jiran abinci, ta saka a guruf. Ta rubuta a ƙasa: "'Yan uwa, ku ji muryar ma'ajiyar Malama."

"Me ya sa?" na tambayi Salim. "Abin da nake son ji ke nan. Me ya kai ka?"

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Muryarki, Mabruka."

"Muryata?"

"Ranar farko na sa layin ne don in tabbatar komai na tafiya. Sai na ji kina koya musu rabawa, kina cewa a ɗauka gurasa ce ake yanka wa yara... Ban taɓa jin ki haka ba. In na zo zance sunkuyar da kai kike yi. A can kuwa ke ce da kanki, kina faɗa, kina dariya. Na ce gobe zan cire. Goben ta zo na ce jibi..."

"Sai ka toshe kunne in matar wani ta fara magana, ko?"

Ya kau da kai.

"Ka ji su ko ba ka ji su ba?"

"Na ji."

"Ka ga hotunansu?"

"Ina saurin wucewa, wallahi, habibty..."

"Amma ka gani!"

Shi a ganinsa soyayya ya yi. Ka ji fa! Yana tsaye yana kallo na da idanun nan nasa, yana jiran in narke don an ce muryata na da daɗi.

"Muryata taka ce in an ɗaura," na ce. "Tasu fa? Wa ya ba ka? Ka san yadda wasunsu suka yi kafin a bar su su riƙe littafi? Ka san akwai wadda ta shekara tana roƙo? Saura wata uku jarrabawa, Salim. Wata uku!"

"Ki yafe mini..."

"Ni za ka roƙa? Tashi ka bar mana gida."

Abba bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya dawo daga sallar la'asar ya zauna a kan darduma, ya cire hula ya ajiye a gefe.

"Yau mutum uku suka tashi daga sahun da na tsaya," ya ce.

Ummi ta ce, "Alhaji, yarinyar nan ba ta sani ba."

"Ni ma ban sani ba. Amma na ce na tsaya." Ya juyo gare ni. "Kin ga layin da idonki a cikin aljihun tebur ɗin?"

"A'a, Abba."

"To kin rantsar da ni a kan abin da ba ki gani ba. Bikin nan na ɗage shi. Ban ce na fasa ba, ban kuma ce akwai shi ba."

Ban yi musu ba. Ina da bakin musu ne?

Washegari sai ga Nana Hauwa, uwar Nafisa, wai ta zo jaje. Ta zauna a tsakar gida tana fifita da gefen mayafi, ta ƙi taɓa ruwan da aka kawo mata.

"Ni dai tun farko na faɗa," ta ce da Ummi, da ƙarfi yadda zan ji daga ɗaki. "Budurwa ta tara matan mutane a waya, me ake jira? Yaron nan ɗan kirki ne, jan sa aka yi. Da a gida ya nema, da duk haka ba ta faru ba."

Na ɗaga labule na fito.

"Gwaggo, ina wuni."

"Lafiya."

"Ki gaishe mini da Nafisa. Ki ce mata gaskiya ta faɗa, ban ƙaryata ta ba. Amma da don Allah ta yi, da ranar da ta gani ta kira ni, in cire shi, in roƙi matan da kaina. Sati biyu ta bar namiji yana sauraron 'yan uwanta mata, tana jiran ranar da abin zai fi ciwo. Tana son ɓata aure ɗaya, ta rufe littafin mata ashirin da bakwai."

"Mabruka!" in ji Ummi. "Shiga ciki!"

Na shiga. Amma na faɗa, kuma ban yi nadama ba.

Na goge tsohon guruf ɗin, na buɗe sabo da hannuna. Mata goma sha uku suka biyo ni. Na yi musu dogon saƙon ban haƙuri, na sa kowacce ta zama admin, na ce duk lambar da ba ku sani ba ku kira ta, ko tawa ce. Na ci gaba da jingina waya da gwangwani. Amma ajin ya mutu murus. Ba mai dariya, ba mai mita, kowacce ta karanta abin da aka ba ta cikin murya ƙasa-ƙasa ta kashe.

Salim ya kira, na ƙi ɗauka. Ya turo saƙo, na ƙi buɗewa. Ina son sa, ban taɓa ɓoye wa kaina ba, kuma son ne ma ya sa in na tuna sai in ji kamar in fasa wayar.

Kwana biyar da faruwar abin, sai ga lamba ta nemi shiga. Matar wani tela ce da ta fita ranar Juma'a.

"Malama, maigidan ya ce in dawo."

"Ikon Allah! Me ya faru?"

"Ai mutumin naki ne ya zo. Ya durƙusa a ƙofar shago a gaban mutane, ya ce laifinsa ne shi kaɗai, ke da Alhaji ba ku sani ba. Ya miƙa wayarsa ya ce a bincika, ya karya layin nan... au, wai tun a gidan farko ya karya, ɓarin yake nunawa."

Ashe wurin Abba Salim ya je, ya roƙi sunayen magidantan. Abba ya rubuta su a takarda ya miƙa masa. Tun daga ranar Salim ya rufe shagon turare, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, daga rumfunan Kurmi zuwa lungunan Goron Dutse. Wani ya zage shi tas. Wani ya ce sai ya zo da babba. Wani ya bar shi tsaye a rana daga azahar zuwa la'asar. Mijin wata ɗalibata Halima kuwa ko leƙowa bai yi ba, sau uku ana ce masa ba ya nan alhali takalminsa na bakin ƙofa.

Kullum sai mace ɗaya ko biyu ta dawo. Ban kira shi na ce sannu ba. Shi ya ɓata, shi zai gyara.

Wadda ta fi tsaya mini a rai Luba ce. Ita ce ta ɗaya a ajin. In na makara, ita ke yi wa sauran bayani, kuma sau biyu tana kama ni da kuskure a lissafi. Burinta ta zama ungozoma ta asibiti. Mijinta Malam Muttaka baduku ne, mai ɗinkin jakunkunan fata a gindin Goron Dutse, mutum mai ƙarancin magana. Ranar Juma'ar nan ya karɓi wayarta ya kulle a akwati.

Na gaji da jira, na yafa mayafi na tafi gidan da kaina. Na tarar da ita tana tankaɗe, idanunta sun faɗa. Ko gaisawa ba mu gama ba muka ji sallama a soro.

Muryar Salim ce.

Luba ta dafe ƙirji. Muka lallaɓa muka tsaya a bayan ƙyauren da ya raba soro da tsakar gida.

"Kai ne Salim ɗin?" in ji Malam Muttaka. Muna jin ƙarar almakashinsa yana yankan fata, bai fasa ba.

"Ni ne, Malam. Na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ka. Ka ji muryar iyalina?"

"Na ji."

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba. Da yawa."

Almakashin ya tsaya.

"Me ka ji?"

Na runtse ido. A raina ina cewa, ka yi shiru, Salim, don Allah ka yi shiru.

"Karatu na ji, Malam. Na ji tana koya wa 'yan uwanta lissafi. Kuma... akwai ranar da ta ce ka sayo mata fitila mai caji don karatunta, kai kana ɗinki da tsohuwar. Ta ce a duk Birni babu mai miji irin nata. Ta yi maka addu'a, sauran suka ce amin."

Luba ta toshe bakinta da hannu, hawaye na bin yatsunta.

Da Malam Muttaka ya yi magana, muryarsa ta canja.

"Ka ga abin da nake faɗa? Shekara tara muna tare. Kunya ba ta taɓa barin ta ta faɗa mini wannan ba. Maganar tawa ce, amma kai ka riga ni ji. Da me za ka biya ni wannan?"

"Ba ni da shi, Malam."

"Ba ka da shi." Ya ja numfashi. "Na yafe maka don Allah, don ba ka yi mini ƙarya ba. Amma muryarta ba za ta ƙara shiga waya ba. Tashi ka tafi."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Malam, Mabruka ce, daga ciki. A gafarce ni."

"Malama? Ke ma kina nan?"

"Ina nan. Na ji hukuncinka, ban ce ka sauya ba. Amma in ba ta turo murya ba fa? Ta kalli darasin kawai, ta yi aiki a littafi. Ni zan riƙa zuwa da ƙafata duk Asabar da Lahadi in saurari karatunta a ɗakinta. Malam, irin kan Luba ba a barin sa a akwati."

Muka ji ya ajiye almakashin.

"Waya a hannuna za ta kwana," ya ce.

"Na yarda."

"To Allah ya ba da sa'a."

Luba ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafuna, ni kuma ina ta ce mata ta tashi, garin tuwo duk ya ɓata mini zane.

Da na fito, Salim na tsaye a bakin lungu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi daƙal-daƙal da gumi, ko ƙamshin turaren nan nasa babu.

"Mabruka..."

"Saura nawa?"

"Takwas."

"To me kake yi a nan?"

Ya yi ɗan murmushi, na farko a sati uku.

"Ina son in ji ko har yanzu akwai ni."

"Akwai ka," na ce, ina kallon gefe. "Haushinka ma nake ji, ai da babu kai da ban ji ba. Jeka."

Uku daga cikin takwas ɗin suka dawo. Mata talatin da huɗu suka zana jarrabawa a shekarar, har da Luba, wadda Malam Muttaka ya kai ta ƙofar makarantar a kan babur ya zauna a waje har ta fito. Nafisa ba ta zana ba, da ma ba karatun ya kawo ta ba, kuma ba na sa ta a lissafin waɗanda na rasa. Biyar ne suka tafi mini har abada, na san sunayensu, na san rubutun kowacce.

Abba da kansa ya kira waliyyan Salim bayan an gama jarrabawa. Ya ce yaron da ya iya durƙusawa a ƙofar mutum ashirin da shida a bainar jama'a, zai iya riƙe masa 'ya. Aka ɗaura. Nana Hauwa ta zo ta ci alkaki ta ce ya yi tauri.

Ranar wuni, gida ya cika da ɗalibaina, wasu ma ranar na fara ganin fuskarsu, da murya na gane su. Ina zaune a lulluɓe sai wata ta durƙusa a gabana ta kama hannuna.

"Malama, Halima ce."

Na ɗaga mayafin.

"Maigidan ya bar ni na zo biki, na awa ɗaya," ta ce. "Na ji su Luba sun zana. Allah ya sa su ci." Ta matso da bakinta kusa da kunnena. "Littafina yana nan ƙarƙashin katifa. Mun tsaya a shafi na sittin da biyu. In yara sun tafi makaranta ina sake yin na baya, don kada in manta."

Ta tashi ta tafi. Mata na ta guɗa, suna cewa amarya na kukan rabuwa da gida.

Washegari da hantsi Salim ya shigo ɗaki da farar shadda, yana ta walwala, ya zauna a bakin gado.

"Amaryata, Malamata... yau dai na samu izinin jin muryar nan ba da sata ba."

"Ɗauki hularka."

"Hula kuma? Ina za ni?"

"Ƙofar gidan mijin Halima."

"Yau? Habibty, yau fa kwana ɗaya da..."

"Ana buɗe rajistar baɗi nan da wata huɗu. Tana shafi na sittin da biyu, Salim, kuma kai ka tsayar da ita a can."

Walwalar ta bar fuskarsa. Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba.

"Sau biyar na je, Mabruka. Ba ya fitowa."

"Ka koma na shida."

"In bai fito ba fa?"

"Gobe ma rana ce, ka koma. Ni ina nan, ba inda za ni."

Ya miƙe, ya ɗauki hular a kan madubi ya sa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Har yaushe?"

"Har sai ya fito."